Wa ke gadon shago? Manyan kamfanonin duniya da yaƙi, daga 1914 zuwa 2022

Ranar 31 ga watan Janairu na shekarar 1990, tun gari bai waye ba, jama'a suka fara jeruwa a dandalin Pushkin na birnin Mosko cikin tsananin hunturu. Abin da suke jira shi ne buɗe gidan cin abinci na farko na kamfanin McDonald's a Tarayyar Sobiyet. Kafin a rufe ƙofa a daren ran nan an sallami mutum kimanin dubu 30. Shekara 14 aka kwashe ana tattaunawa kafin a kai ga wannan rana, domin tun lokacin wasannin Olamfik na Montreal, a 1976, shugaban reshen kamfanin na ƙasar Kanada, George Cohon, ya fara tuntuɓar jami'an Sobiyet. A idon mutanen Mosko, wannan dogon layi alama ce cewa katangar da ta raba su da ƙasashen yamma ta fara zubewa.

Bayan shekara 32, ranar 8 ga watan Maris na 2022, mako biyu da shigar sojojin Rasha cikin ƙasar Yukren, kamfanin ya ba da sanarwar rufe gidajensa kimanin 850, inda mutum dubu 62 ke aiki. A watan Mayu ya sayar da su ga wani attajirin Siberiya, Aleksandr Govor, wanda dama yana riƙe da 25 daga cikinsu. Ranar 12 ga Yuni aka sake buɗe gidan dandalin Pushkin. Ginin shi ne na da, ma'aikatan su ne na da, abincin ma kusan shi ne. An dai sauke tambarin Amurka an ɗora wani suna na harshen Rashanci, Vkusno i tochka, wato "da daɗi, magana ta ƙare".

Wannan labari ya farfaɗo da wata tambaya da ta girmi McDonald's nesa ba kusa ba. Kamfanin da hedkwatarsa ke wata ƙasa, dukiyarsa kuma na warwatse a wasu ƙasashe, me yakan yi idan yaƙi ya ɓarke a inda ya kafa kasuwa? Idan ya tafi, wa ke gadon abin da ya bari? Tarihin shekaru ɗari da suka wuce yana da amsoshi, kuma sun fi kama da juna fiye da yadda ake zato.

Dokar hana ciniki da abokin gaba

Kafin 1914 ƴan kasuwar Turai sun saba da kafa rassa a ƙasashen juna ba tare da fargaba ba. Yaƙin Duniya na Farko ne ya kawo ƙarshen wannan zama. A watan Satumba na 1914 Ingila ta kafa dokar hana ciniki da abokin gaba, Faransa kuma ta fitar da nata ƙudurin ranar 27 ga wannan wata, wanda ya haramta duk wata hulɗar kasuwanci da Jamus da Ostiriya-Hangari. A lokacin ba a bar wa kamfani zaɓi ba: hukuma ce ke rufe shago, ta naɗa mai kula da kaya, daga baya ta sa su gwanjo.

Afirka ta Yamma ta ɗanɗani wannan tun da wuri. Kamfanonin birnin Hamburg, irin su G. L. Gaiser da Witt und Büsch, sun daɗe da kafa kantuna a Ikko, jiragen ruwan kamfanin Woermann kuma suna zirga-zirga a gaɓar teku. Jamus ce ke sayen mafi yawan ƙwallon kwakwar manja da ake fitarwa daga yankin. Kafin ƙarshen 1914 hukumar mulkin mallakar Ingila ta rufe waɗannan kamfanoni ta kwashe Jamusawan da ke tafiyar da su. Manomi da dillali, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su suka fara ji a jikinsu: masu saye sun ragu, kamfanonin Ingila da suka rage suka haɗa baki a kan farashi, jigilar teku kuma ta koma kusan hannun kamfani guda, Elder Dempster.

Rabon gadon ya kai har majalisar dokokin Ingila. Ranar 8 ga Nuwamba na 1916 aka yi zazzafar muhawara a kan ko za a sayar da kadarorin Jamusawa na Najeriya ga ƴan Birtaniya kaɗai, ko kuwa a bar ƴan ƙasashen da ba sa cikin yaƙi su ma su taya. Gwamnati ta yi rinjaye a ƙuri'a, amma muhawarar ta tona ɓarakar da ke cikin jam'iyyar ƴan mazan jiya, kuma wata guda bayan haka gwamnatin Asquith ta faɗi, Lloyd George ya hau.

A Amurka ma haka aka yi bayan ta shiga yaƙin a 1917. Hukuma ta ƙwace reshen kamfanin Bayer, mai maganin asfirin, ta sayar da shi a gwanjo a watan Disamba na 1918 ga kamfanin Sterling a kan dala miliyan 5 da ƴan kai. Tare da masana'antar aka sayar da sunan Bayer kansa da tambarinsa. Sai a 1994, bayan shekara 76, uwar kamfanin da ke Jamus ta sake mallakar sunanta a Amurka, bayan ta biya dala miliyar 1. Kamfanin magunguna na Merck kuwa rabuwar da aka yi masa a wancan lokaci ba ta ɗinku ba: har yau akwai Merck biyu, ɗaya a Jamus ɗaya a Amurka, kowane da masu shi.

Lemon da yaƙi ya haifa

Duk wanda ya taɓa shan Fanta a wurin suna ko ɗaurin aure a Maraɗi ko Damagaram ya sha abin da ya samo asali daga irin wannan rabuwa. A shekarun 1930 Jamus na cikin manyan kasuwannin Coca-Cola a wajen Amurka, reshen kamfanin kuma yana birnin Essen a hannun wani Bajamushe mai suna Max Keith. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, jiragen ruwan Ingila suka tare hanyoyin teku, ruwan haɗin da ake aikowa daga Amurka ya fara wuyar samu. Keith na da injina da kwalabe da ma'aikata, abin zubawa ne babu. A 1940 ya sa aka haɗa wani sabon abin sha daga abin da ya samu: ruwan da ke saura bayan an yi cuku, da tukar tuffa da aka riga aka matse. Aka raɗa masa suna Fanta, daga kalmar Jamusanci mai nufin ƙirƙirar tunani. A 1943 kaɗai an sayar da akwati kusan miliyan 3, domin sukari ya yi ƙaranci, mata har girki suke zaƙaƙawa da shi.

Daga watan Disamba na 1941, lokacin da Jamus ta ƙaddamar da yaƙi a kan Amurka, hulɗa ta yanke baki ɗaya tsakanin Essen da hedkwatar Atlanta. A takarda Coca-Cola ya daina kasuwanci a Jamus, amma masana'antunsa ba su tsaya ba. Da yaƙi ya ƙare a 1945, Keith ya miƙa wa uwar kamfanin reshen, kuma a 1955 aka farfaɗo da sunan Fanta a birnin Napoli na Italiya da ɗanɗanon lemon zaƙi, wanda shi ne aka sani a yau.

Labarin kamfanonin mota ya fi wannan duhu. General Motors ya sayi kamfanin Opel a 1929, Ford kuma yana da masana'anta a birnin Kolon. Su biyun sun ƙera manyan motocin da sojojin Hitila suka yi jigila da su, an kuma yi amfani da fursunonin yaƙi da mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka mamaye wajen aikin tilas a cikinsu. Kamfanin Ford da kansa ya tabbatar da batun aikin tilas a wani rahoton bincike da ya fitar a 2001, ko da yake ya kafa hujja da cewa iko da masana'antar ya kuɓuce masa tun shigar Amurka yaƙi. General Motors ya rubuta Opel a cikin asara lokacin yaƙin, ya sake karɓarsa a 1948, sa'an nan a 1967 gwamnatin Amurka ta biya shi diyyar fiye da dala miliyan 30 saboda ɓarnar da jiragen yaƙin ƙawance suka yi wa masana'antunsa na Jamus. Darasin wannan zamani a fili yake: mai kamfani na iya ja da baya, amma injinan da ya girka suna ci gaba da yi wa mai mulkin ƙasar aiki.

Shell-BP tsakanin Gowon da Ojukwu

Yaƙin basasar Najeriya ya kawo wani salo, inda kamfani ya sami kansa tsakanin hukumomi biyu, kowace na cewa ita ce mai ƙasa. A watan Mayu na 1967 Najeriya na haƙo gangar mai kimanin dubu 580 a kowace rana. Fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan mai a hannun Shell-BP yake, kuma kusan kashi biyu cikin uku daga Jihar Gabas yake fitowa. Da Odumegwu Ojukwu ya yi shelar kafa Biyafara ranar 30 ga Mayu, sai ya nemi kamfanin ya biya shi harajin mai, tun da rijiyoyin a ƙasarsa suke. Gwamnatin Yakubu Gowon a Ikko ta ce biyan ko kwabo ga ƴan tawaye cin amanar ƙasa ne. Gaba kura, baya sayaki.

Lamarin ya ƙara tsanani saboda gwamnatin Birtaniya ce ke da kusan rabin hannun jarin BP, ga shi kuma yaƙin kwana shida na watan Yuni na wannan shekara ya rufe mashigin Suwes, man Najeriya ya ƙara daraja a Landan. Shell-BP ya yi ƙoƙarin raba gardama, ya yi wa Biyafara alkawarin kafin alƙalami na fam dubu 250. Wannan bai gamsar da Ojukwu ba, ya kuma fusata Gowon, wanda nan da nan ya sa jiragen ruwan yaƙi suka hana jiragen dakon mai shiga. Yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, kafin ƙarshen watan sojojin tarayya suka kama tashar Bonny inda ake lodin mai, hukumomin Biyafara kuma suka tsare shugaban kamfanin, Stanley Gray, na ɗan lokaci. Aikin Shell-BP a gabas ya tsaya cik, matatar Fatakwal ma ta rufe.

A 1968 abin da ƙasar ke haƙowa ya faɗi zuwa ganga kimanin dubu 140 a rana, akasarinsa daga rijiyoyin cikin teku na kamfanin Gulf na Amurka, waɗanda wutar yaƙi ba ta kai gare su ba. Da sojojin tarayya suka kama Fatakwal a watan Mayu na 1968, Shell-BP ya koma ya fara gyara tun yaƙi bai ƙare ba, kuma a 1970 Najeriya ta haura ganga miliyan 1 a rana. Gwamnatin Gowon ba ta manta da wanda ya tsaya mata da wanda ya juya mata baya ba. A 1971 ta kafa kamfanin mai na ƙasa, ta shiga ƙungiyar OPEC, kuma kamfanin farko da ta karɓi kashi 35 cikin 100 na hannun jarinsa shi ne SAFRAP na Faransa, ƙasar da ta tallafa wa Biyafara.

Makonni biyu na 2022

A 1914 da 1941 doka ce ta rufe shaguna, a 1967 harsashi ne ya rufe su. Abin da ya bambanta 2022 shi ne cewa Amurka da Ingila da Faransa ba su shiga yaƙi da Rasha ba, kuma takunkumin da suka ƙaƙaba mata bai hana kowa sayar da lemo ko kujera ko tufafi a Mosko ba. Duk da haka, cikin kwana goma sha biyar daga ranar 24 ga Fabrairu, ɗaruruwan kamfanoni suka ba da sanarwar dakatar da aiki.

Kamfanonin mai ne suka buɗe fage. Ranar 27 ga Fabrairu BP ya ce zai rabu da hannun jarinsa na kusan kashi 20 cikin 100 a kamfanin Rosneft, matakin da ya jawo masa rubuta asarar dala miliyar 24. Washegari Shell ya bi sahu, sai ExxonMobil. Kamfanin IKEA na Suwidin ya rufe kantunansa 17 ranar 3 ga Maris. Visa da Mastercard suka yanke hulɗa ranar 5 ga wata. Boeing da Airbus suka daina aika kayan gyaran jirage, manyan kamfanonin jiragen ruwa irin su Maersk suka daina karɓar akasarin kaya zuwa tashoshin Rasha. Ranar 8 ga Maris McDonald's da Coca-Cola da Starbucks suka sanar da nasu matakin a rana ɗaya.

Dalilan sun cakuɗu. Akwai tausayi da fushin gaske ganin biranen Yukren a ƙarƙashin ruwan bama-bamai. Akwai kuma lissafi: bankunan Rasha da dama an cire su daga tsarin aika kuɗi na SWIFT, darajar rubul ta faɗi, kayan gyara ba sa isowa, inshora ta yi wuya. Sa'an nan ga tsoron zubewar mutunci. Wani malami a jami'ar Yale, Jeffrey Sonnenfeld, ya fara wallafa jerin sunayen kamfanonin da suka fita da waɗanda suka zauna, jaridun duniya suka riƙa ɗauka kullum, jerin kuma ya haura kamfani dubu 1 da suka janye ko suka rage aiki. Ga McDonald's, Rasha da Yukren a haɗe kashi 9 cikin 100 ne na kuɗin shigarsa. Ba zai yarda sauran kashi 91 su shiga haɗari saboda su ba. Ranar 23 ga Maris shugaba Zelenski ya yi wa majalisar dokokin Faransa jawabi, ya ambaci Renault da Auchan da Leroy Merlin da sunayensu. A daren ran nan Renault ya dakatar da masana'antarsa ta Mosko.

Kuɗin fita

Sanarwa abu ne mai sauƙi, fitar ce ke da tsada. Ba a ɗaukar masana'anta a kai, kuma wanda ya san dole ce ta sa ka sayarwa ba zai taya da daraja ba. Rasha ita ce kasuwar Renault ta biyu bayan Faransa, yana da ma'aikata dubu 45 a can. A watan Mayu na 2022 ya miƙa kusan kashi 68 cikin 100 na kamfanin AvtoVAZ, mai ƙera motar Lada, ga wata cibiyar gwamnati a kan rubul 1, da sharaɗin zai iya sake saye cikin shekara 6. Masana'antarsa ta Mosko kuwa hukumar birnin ta karɓe ta, ta farfaɗo da tsohon sunan motar zamanin Sobiyet, Moskvich, amma motar da ta fara fitowa da wannan suna ta kamfanin JAC ce na ƙasar Sin, aka sauya mata tambari. Bankin Société Générale ya sayar da Rosbank ga attajiri Vladimir Potanin, wanda dama daga hannunsa aka saye shi tun farko, da asarar fiye da yuro miliyar 3. Heineken ya sayar da masana'antunsa 7 a kan yuro 1 a watan Agusta na 2023.

Fadar Kremlin ta yi saurin gane cewa ƙofar fita ma hanyar samun kuɗi ce. A watan Agusta na 2022 aka hana sayar da hannun jari a manyan bankuna da kamfanonin makamashi sai da izinin shugaban ƙasa, abin da ya sa har shekaru biyu bayan sanarwarsa BP bai iya rabuwa da kasonsa na Rosneft ba. A ƙarshen 2022 aka wajabta wa mai sayarwa ragin rabin darajar kayansa, tare da ba baitulmali gudummawar da aka kira ta son rai. A watan Oktoba na 2024 ragin ya kai kashi 60 cikin 100, gudummawar kuma kashi 35. Wanda ya yi jinkiri kuwa ya gamu da abin da ya fi haka. A watan Yuli na 2023 shugaba Putin ya sa hannu a kan dokar da ta ɗora rassan Danone da Carlsberg a hannun gwamnati, aka naɗa Yakub Zakriyev, ɗan ƴar'uwar shugaban Ceceniya Ramzan Kadyrov, ya shugabanci na Danone. Wani lissafi da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya yi a watan Maris na 2024 ya nuna cewa asarar kamfanonin waje ta wuce dala miliyar 107.

Faɗuwar wani tashin wani. Kamfanin Arnest, wanda a da turare da maganin sauro yake sarrafawa, shi ya gaji Heineken, sa'an nan a 2024 ya sayi reshen Unilever. Starbucks ya koma Stars Coffee. Motocin ƙasar Sin, waɗanda ba su kai kashi 10 cikin 100 na kasuwar Rasha ba a 2021, sun kai kusan rabinta cikin shekara biyu. Shi kuwa Coca-Cola, tarihin Essen ne ya maimaita kansa: masana'antun kamfanin da ke zuba masa lemo a kwalba suka sauya suna zuwa Multon Partners, suka fito da Dobry Cola, wanda ya zama kan gaba a kasuwa, alhali uwar kamfanin ta Atlanta na da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kamfanin da ya mallake su.

Hujjar masu zama

Ba kowa ya tafi ba. Auchan da Nestlé da PepsiCo da Mondelez da bankin Raiffeisen na Ostiriya sun ci gaba da aiki, wasu bayan sun rage irin kayan da suke sayarwa sun kuma daina talla. TotalEnergies ya rubuta asarar kusan dala miliyar 15 a 2022, ya janye wakilansa daga hukumar gudanarwar Novatek, amma bai rabu da kasonsa na iskar gas ta Yamal ba, yana mai cewa Turai da kanta na bukatar wannan gas. Hujjojin masu zama uku ne: abinci da magani ba su cikin takunkumi, dubban ma'aikata ba su ne suka ƙaddamar da yaƙi ba, barin masana'anta a kan rubul ɗaya kyauta ce ga na kusa da fadar Kremlin.

Masu suka suna da nasu hujjojin masu nauyi. Kamfanin da ya zauna yana biyan haraji ga baitulmalin da ke sayen harsashi. Bayan kiran sojojin ko-ta-kwana na watan Satumba na 2022, doka ta wajabta wa kowane ma'aikaci da mai ɗaukar aiki ba hukumar soja haɗin kai, kuma a 2023 Unilever ya amsa cewa zai bi wannan doka idan aka kira ma'aikatansa. Ribar da aka samu ma akasarinta ta maƙale, domin Rasha ta taƙaita fitar da ita zuwa ƙasashen da ta kira marasa zumunci.

Lissafin ƙarshe

Ficewar kamfanoni ta yi wa Rasha rauni a wuraren da fasaha ke da wuyar kwaikwayo. Ƙera motoci ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku a 2022, har gwamnati ta sassauta doka aka riƙa fitar da Lada ba tare da jakar iskar kariya ba. Kamfanonin jiragen sama suka riƙe jirage kimanin 400 na haya, suka koma cire kayan wani jirgi suna gyara wani. Amma a kantuna kaya ba su yanke ba. Gwamnati ta halatta shigo da haja ba tare da izinin mai tambari ba, wayoyin iPhone da lemon Coca-Cola na asali suka riƙa shigowa ta Kazakistan da Turkiyya da Dubai, da ƙarin farashi. Ƴan kasuwar Maraɗi da Birnin Ƙwanni, waɗanda suka ga yadda atamfa da taba da shinkafa suka riƙa tsallaka iyaka duk lokacin da Najeriya ta hana shigo da su, ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan hanya. Tattalin arzikin Rasha ya ɗan ja baya a 2022, ya sake hauhawa a 2023 saboda kuɗin da aka zuba a masana'antun makamai, yaƙin kuma bai tsaya saboda rufe shaguna ba.

Tasirin ya kai har inda ba a yi tsammani ba. Alkama da takin zamani na Rasha ba sa cikin takunkumi, amma bankuna da kamfanonin jiragen ruwa da na inshora sun ƙaurace musu don gudun shiga matsala, a daidai lokacin da yaƙi ya toshe tashoshin Yukren. Farashin burodi da na taki ya tashi a ƙasashen Afirka, abin da ya kai shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, birnin Sochi ranar 3 ga Yuni na 2022 a matsayinsa na shugaban Tarayyar Afirka, inda ya koka a kan wahalar biyan kuɗin hatsi da taki.

Idan aka jera 1914 da 1941 da 1967 da 2022, abu biyu ke maimaituwa. Na farko, dukiyar da aka kafa a ƙasa ba ta bin mai ita, tana komawa hannun wanda ke riƙe da iko a wurin ko na kusa da shi. Na biyu, kamfani ba ya fita sai ya bar ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. General Motors ya koma Opel bayan shekara 3 da ƙare yaƙi, Shell-BP ya koma Fatakwal ana cikin harbe-harbe. A 2024 Coca-Cola ya shigar da takardun sabunta rajistar tambarinsa a Rasha. Damar da Renault ya ajiye ta sake sayen AvtoVAZ tana ƙarewa a 2028, sai dai a watan Fabrairu na 2025 shugaban kamfanin, Maksim Sokolov, ya ce abin da aka karɓa a kan rubul 1 ba zai koma hannun Faransawa ba sai sun biya aƙalla rubul miliyar 112, kimanin dala miliyar 1 da miliyan 300, kuɗin da aka kashe a masana'antar bayan tafiyarsu.